Sankarar Da Ta Shiga Goron Aure

Duk gidan da aka taɓa kawo wa lefe a ƙasar Bagudo cikin shekarun nan, ko a Illo ne, ko Kaoje, ko Zagga, ko Lolo can bakin iyaka, mutanensa sun san yadda a ke yi. Mata su kan taru a tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, a jera akwatuna tun daga babba har ƙarami. Sa'an nan wata mai kaifin baki ta zauna tana ɗaga kaya ɗai-ɗai, saura suna ƙidaya: atamfa turmi kaza, leshi kaza, shadda kaza, takalma da jakunkuna kaza. Kafin la'asar lissafin ya gama gari. Kafin kasuwa ta sake ci ya ƙetare iyaka, ana maganarsa a Segbana da Malanbil. Da wuya a ji wadda ta tambayi halin yaron, ko sana'arsa, ko inda ya samo kuɗin. Tambayar duka guda ce: akwati nawa?

Wannan tambaya ita ce sankarar da ta shiga goron aure. Kowane mai sayar da goro ya san aikin sankara: goro ya yi jawur a ido, sai an fasa a tarar cikinsa ya ɓaci. Kayan da a ke kai wa gidan budurwa asalinsu magana ce. Saurayi ba ya iya tsayawa gaban surukai ya ce yana son 'yarsu, kunya ta hana, sabo da haka kakanni suka sa kaya su yi magana a madadinsa. Kowane abu da abin da ya ke faɗi, tsofaffin gida kuwa su duba su gane. Yau an bar karantawa an koma ƙirgawa. Wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya fi kowa sanin bambancin waɗannan biyu, gama jahili ma yana iya ƙirga baƙaƙen da ke cikin wasiƙa, amma ba zai san ko gaisuwa ce aka aiko masa ko sammaci ba.

Domin a gane girman abin da aka yar, yana da kyau a bi sawun atamfar nan ta cikin akwati har gida. Wadda ta fi daraja a lefe ita ce 'yar Holan. A garin Helmond a ke buga ta, a wata masana'anta da aka kafa tun 1846, da yawanta kuwa a Kwatano ko Lome ta kan sauka, ta biyo hanyar Faraku da Kandi, har ta iso kasuwannin bakin iyaka. To, kudu maso yamma da Helmond akwai wata ƙasa da a ke kira Filandas, wadda yawancinta ke cikin Beljiyam a yanzu. Tun shekara 600 da suka wuce mutanenta sun yi suna wajen saƙa da fatauci, babbar kasuwarsu kuwa ita ce birnin Buruj. Fatake daga Italiya da Jamus da Sifen su kan zauna can, kowace al'umma da masaukinta, kamar yadda Hausawa su kan kafa zango a garuruwan Gwanja. Bayan saƙa sun kuma fitar da gwanayen zane, masu dama launi da mai su zana a kan allon katako. Su ma sun san yadda a ke sa kayan ɗaki su yi maganar so, da ya ke kuwa tasu maganar a zane ta ke, ta wanzu har yau ana dubawa.

Mafi shahara a cikin zane-zanen nan shi ne wanda Jan van Eyck ya gama a 1434, watau kimanin shekara 80 kafin Kanta ya kafa daular Kabi a Surame. Shi Jan van Eyck mai zanen fadar Philip ne, mai mulkin Burgandi, wanda Filandas ke ƙarƙashinsa a lokacin. Allon ba wani babba ba ne, tsawonsa santimita 82, faɗinsa 60. Yana Landan, a gidan adana zane-zane na ƙasar Ingila, wanda ya saye shi a 1842 a kan fam 600.

Abin da ke ciki shi ne namiji da mace tsaye a ɗaki. Namijin farke ne, mutumin Lukka ta ƙasar Italiya, daga gidan Arnolfini, mazaunin Buruj. Yana sanye da baƙar malafa da riga mai gashin dabba a bakinta. Macen tana sanye da koriyar riga doguwa da farin lulluɓi, ta tattaro rigar a gabanta har mai kallo ya zaci juna biyu gare ta, alhali kuwa yayin ɗinkin zamanin ne. Ta ɗora hannunta na dama a kan nasa na hagun, shi kuma ya ɗaga damansa kamar mai rantsuwa. A gabansu ga ɗan ƙaramin kare. A gefe ga dangarafansa, watau takalman katako na shiga caɓi, ya tuɓe ya ajiye, nata jajayen takalman kuma suna can ƙuryar ɗaki. A sama ga maratayin kyandir na tagulla mai rassa da yawa, amma kyandir guda kaɗai ke ci, da rana tsaka. Wajen taga ga lemo. A bangon baya ga madubi kewayayye mai tudu kamar bayan ƙwarya, carbi na rataye a gefe guda, 'yar tsintsiya a ɗaya gefen. Wanda ya ƙura wa madubin ido zai ga bayan mutanen nan biyu, ya kuma ga waɗansu mutum biyu tsaye a bakin ƙofa. Sama da madubin mai zanen ya rubuta sunansa da shekarar, ya kuma shaida cewa yana wurin.

A 1934, shekara 500 cif bayan an yi zanen, wani malami Bajamushe mai suna Erwin Panofsky ya fito da bayani cewa kayan ɗakin nan ba banza aka jera su ba, kowanne wasiƙa ce aka ɓoye cikin abin amfanin yau da kullum. Karen yana nufin amana, domin Turawa sun ɗauke shi dabbar da ba ta barin ubangidanta. Tuɓe takalmi yana nufin wurin ya zama mai tsarki, kamar yadda aka umurci Annabi Musa ya tuɓe nasa. Kyandir mai ci da rana, sa'ad da ba a bukatar haskensa, yana tuna musu cewa Allah yana gani. Mutum biyun da ke cikin madubi kuwa shaidu ne. Masu bin sawunsa suka ƙara da cewa carbi da tsintsiya suna nufin ibada da aikin gida, abubuwa biyu da ke riƙe zaman aure.

Mutumin Bagudo zai yi ƙyamar kare a ɗakin kwana, kuma yana da gaskiya, domin kowace ƙasa da harshenta. A nan tantabara ce ke riƙe da wannan matsayi, ita a ke wa kirari da uwar alkawari. Amma ban da karen, wanne ne baƙo a cikin sauran? Wane saurayi mai tarbiyya ne zai shiga zauren surukinsa da takalmi a ƙafa? Wace amarya aka taɓa kaiwa ɗaki ba fitila, ba tsintsiya? Wane aure ne ya tabbata ba shaidu? Ashe Bature na shekara 600 da tsohuwar Illo kusan harshe ɗaya su ke ji.

Labarin bai ƙare nan ba, gama abin da ya biyo baya ya fi ban tsoro ga masu ƙirga akwati. Shekara da shekaru malamai sun ɗauka mutumin da ke cikin zanen shi ne Giovanni ɗan Arrigo Arnolfini, babban attajiri mai hulɗa da fada, da matarsa Jeanne Cenami. A shekarun 1990 sai aka tono wata tsohuwar takarda da ta nuna waɗannan biyu ba su yi aure ba sai 1447, watau shekara 13 bayan an gama zanen, shekara 6 bayan mutuwar mai zanen, wanda ya rasu a 1441. Yanzu galibin masana sun karkata ga cewa wani ɗan'uwansa ne, Giovanni ɗan Nicolao. Shi kuwa matarsa, Costanza Trenta, ta riga ta mutu tun kafin watan Fabrairu na 1433 ya ƙare. Sabo da haka a 2003 wata malama, Margaret Koster, ta kawo ra'ayin cewa zanen na tunawa da marigayiya ne. Hujjarta tana sama a maratayin nan: kyandir mai ci yana wajen namijin, a wajen macen kuwa sai guntun da ya riga ya ƙone ya mutu.

Masana suna ta gardama a kan wannan, ba su gama ba. Amma ga abin da ba gardama a kansa. Mutumin nan ya tara dukiya, ya sa tufa mai tsada, ya biya gwanin zane na fada, duk da haka dukiyar ba ta tsare masa ko sunansa ba, har aka daɗe ana kiransa da sunan wani. Abin da ya saura, wanda mutane ke zuwa daga ƙasashe su tsaya su duba, shi ne hannu a kan hannu, da takalmin da aka tuɓe, da kyandir guda.

Akwai waɗansu zane biyu na ƙasar da ya kamata a haɗa da wannan. Na fari Petrus Christus ne ya yi shi a Buruj a 1449, yana birnin New York na Amurka yanzu. Saurayi da budurwa ne suka zo rumfar maƙerin zinariya sayen zoben aure, ɗamarar amarya tana ajiye a kan tebur, maƙerin kuwa ya ɗauki ɗan ma'auni yana auna zoben. Watau su ma sun yarda aure yana cin kuɗi, amma da ma'auni, ma'aunin kuwa ɗan mitsitsi ne, wanda a ke riƙewa da yatsu. Na biyu Quentin Matsys ne, mutumin Antwaf, ya yi shi wajen 1520, yana birnin Washington. Wani tsoho ne mummuna ya rungumi yarinya yana washe baki, ita kuma tana shafa masa haɓa da hannu guda, da ɗaya hannun ta zare masa jakar kuɗi tana miƙa wa wani wawa. Mai zanen bai bukaci rubuta ko harafi ba. Kowa ya gani ya san inda son da aka saya ya kan ƙare.

To, a komo gida a duba abin da kakannin wannan ƙasa suka bari. Goro shi ne shugaban kayan aure, ba a neman aure ko ɗaura shi sai da shi, alhali ba ya tsirowa a ƙasar Kabi. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Abdullahi Burja, tsakanin 1438 da 1452, aka buɗe hanyar Gwanja, watau a ƙarni ɗaya da zanen da aka ambata. Daga baya ayarin fatake ya riƙa tasowa daga Salaga, ya ratsa ƙasar Bargu, ɗaya daga cikin hanyoyinsa kuwa ta Illo ta biyo, a ƙetare Kwara a nufi Jega da Sakkwato da Kano. Tafiyar watanni ce, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito, ga goron kansa da ba ya son sakaci. Sabo da haka saurayin da ya aika da ƙwaryar goro, watau guda 100, ya aika da abin da aka sha wuya a kansa. Goron kirki kuwa ɓari biyu ne manne da juna cikin fata guda, in an raba su sai su soma bushewa. Farkon taunarsa ɗaci, daga baya zaƙi ya biyo, musamman in an kora da ruwa. Wane malami ne zai yi wa ango da amarya wa'azin da ya fi wannan?

Gishiri ma haka, wanda a da a ke kawowa daga kwarin Foga, arewa da Gaya. In ya shiga miya ya kan ɓace, ba a ganinsa, amma ranar da babu shi kowa ya sani. Haka kyautatawa ta ke a gida. Lalle ba ya kamawa da gaggawa, sai amarya ta sa hannu a zunguru ta haƙura ta kwana da shi, in kuwa ya kama farce ba sabulun da zai fitar da shi, sai dai farcen ya girma a yanke. Ƙwarya da faifanta suna koya wa amarya rufe asirin gida. Matan Fulanin Kaoje sun fi kowa sanin darajarta, gama ƙwaryar da aka sassaƙa aka yi wa zane ita ce adon ɗakinsu. In kuwa ƙwarya ta tsage ba a yar da ita, gyartai a ke kira ya ɗinke, kamar yadda a ke kiran manya su ɗinke aure in ya tsage. Tsintsiya, ita ma, ba ta shara sai da maɗauri. Shi kansa lefen, asalinsa ɗan kwando ne da a ke saƙawa da kaba, wanda mace guda ke ɗauka a ka ba ta ko nishi.

Wannan harshe bai san iyaka ba. Turawan Ingila da na Faransa sun raba ƙasar Bargu a 1898, Illo ta faɗo wannan gefe, Kandi da Nikki suka faɗa wancan, amma Bahaushe da Bazabarme da Badende da Bafillace da Bakyange na gefen nan da na gefen can har gobe suna auratayya, kuma goron da aka kai Segbana ba ya bukatar tafinta. Abin baƙin ciki, sankarar ma ba ta san iyaka ba.

A duba ɓarnar da ta ke yi. A ce ga saurayi manomin shinkafa a fadamar Kwara, ƙaƙƙarfa, mai kunya, yarinya tana sonsa, iyayenta ba su ƙi shi ba. Sai aka ce 'yar maƙwabta akwati kaza aka kawo mata, tasu ba za ta gaza ba. Ya sayar da shinkafarsa tun tana ɗanya a gona, a kan rabin kuɗinta. Bai isa ba, ya sayar da san huɗa. In masunci ne ya sayar da jirgi ko koma. Wani ya tafi ci-rani Kwatano ko Ikko, ya shekara biyu, ya komo ya tarar an ba wani mai furfura wanda akwatunansa suka fi yawa, watau zanen Matsys ya sauko daga bango ya shigo gari. Wani kuwa ya shiga fasa-ƙwaurin mai ko shinkafa ta hanyoyin daji, ya sa ransa da mutuncinsa a caca domin leshi. Wanda ya fi wayo ya yi aron kaya, a nuna wa mata, bayan biki a mayar wa masu su, watau an soma zaman da ƙarya tun ba a shiga ɗaki ba.

Uban yarinya ma bai tsira ba, domin gwargwadon lefe gwargwadon jere da gara, in ba haka ba a yi da shi. Ranar da aka kai amarya, bashi ke riga ta shiga ɗaki. Wata uku ba su cika ba ango ya soma haɗa rai, domin duk sa'ad da ya ga atamfa a jikinta san huɗarsa ya ke tunawa. Ita kuma tana ganin ya sake, ba ta san ba shi da abin cefane ba ne. Daga nan sai yaji, sai gaban alƙali. Tun daga 2012 gwamnatin Kano ta shiga ɗaukar nauyin aurar da zawarawa da 'yan mata a taro guda. Aikin alheri ne, amma kuma shaida ce a kan jama'a, cewa abin da a da ƙwaryar goro ke buɗe ƙofarsa ya kai sai hukuma ta sa hannu.

Masu ƙirga akwati ba su rasa ta cewa ba, kuma ya kamata a saurare su. Wani zai ce, ina ruwan Musulmi da zanen Nasara, alhali malamai sun yi magana a kan sura? Amsa ita ce ba wanda aka ce ya rataya surar mutum a ɗakinsa. Wanda ya sa atamfar Holan a lefen ɗansa bai ce ina ruwansa da Nasara ba, sai da aka zo kan darasi. In an karɓi zanensu na ɗaurawa, ba laifi a karɓi abin lura daga zanensu na dubawa, balle darasin ma na gida ne, madubi kurum aka ara.

Wani mai ilimi zai ce, ai shi ma Arnolfini alfahari ya ke yi. Wannan gaskiya ne. Lemo a Buruj ta wancan zamani daga ƙasashen kudu a ke kawo shi, sai mai hali ke ci, haka ma darduma da madubi da rigar gashi. Attajiri ne, bai kuwa ɓoye ba. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, abinsa ne, daga fataucinsa ya fito, ba wanda ya ce talakan Buruj ba zai yi aure ba sai ya ajiye lemo a taga. Na biyu, ko a ɗakin attajirin, mai zane bai sa tsada a tsakiya ba. Tsakiyar allon hannuwa ne da madubin shaidu, lemo yana can gefe. Mai hali a Bagudo ya yi wa ɗansa abin da ya ga dama, Allah ya ƙara masa. Laifin yana wurin mayar da abin da mai hali ya yi don nishaɗi ya zama farilla a kan mai garma.

Iyaye mata kuwa hujjarsu ta fi ƙarfi. Za su ce araha ba ta ado, yarinyar da aka samu a sauƙaƙe a sauƙaƙe a ke sakinta, kuma kayan nan su ne abin da za ta riƙe in zama ya ƙi. Tsoronsu yana da tushe, domin sun ga abin da maza ke yi. Amma abin da shari'a ta ba mace ta riƙe shi ne sadaki. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, ba a kuwa yanka masa iyaka ta sama ba, kuma nata ne ita kaɗai, uba ko miji ba su da iko da shi. Yanzu an juya al'amarin: sadaki ya zama ɗan abin da a ke ambata a gurguje a gaban liman, lefe ya zama uwa. Alhali leshi ya kan tsufa, yayi ya wuce, waɗansu turamen ma dangi ke rabewa. In don tsaron mutuncin yarinya a ke yi, karsana guda ko keken ɗinki ko 'yar gona da aka rubuta da sunanta ta fi akwati goma. Karsana tana haihuwa, atamfa kuwa ba ta yi. Yawan akwati kuma bai taɓa hana mugun miji saki ba, sai ma ya ba shi bakin cewa ai da kuɗinsa ya saya.

Saura 'yan zamani, masu ganin sun waye, waɗanda suka raina goro da lalle suka koma zobe da farar riga da kek mai hawa-hawa da jan fure. Su ma ƙirga su ke yi, hawa nawa, mota nawa. A zane-zanen Filandas, in aka ga budurwa riƙe da wani ɗan fure guda a yatsunta, mutanen ƙasar sun san an yi mata baiko ke nan, domin harshensu ne. Wanda ya ari alamar da bai san fassararta ba, ya kuma yar da tasa da ya gada, ya zama kamar mai riƙe da jarida a kife don a ce ya iya karatu.

Abin yi ba mai wuya ba ne, in an so. Hakimai da dagatai da limamai na kowace gunduma su zauna da shugabannin mata, gama dokar da aka yi wa lefe ba da mata ba a zaure ta kan kwana. A yanka abin da ba za a wuce ba wajen nunawa a bainar jama'a, wanda ya so ƙari ya kai wa matarsa bayan ta tare, ba mai gani. A daina shelar ƙidaya. A ɗaga darajar sadaki, a kuma tabbatar ya shiga hannun mai shi. Da ya ke auratayya ta ratsa iyaka, manyan Lolo da Tsamiya su yi shawara da takwarorinsu na ƙetare, don kada a toshe ƙofa a bar taga.

Akwai kuma aikin da ba mai iya yinsa sai wanda ya koyi rubutu da girmansa, domin shi ne ke da ƙafa ɗaya a wurin tsofaffi, ɗaya a wurin takarda. Ya sami littafi da fensir, ya durƙusa gaban kakarsa ko gwaggonsa, ya ce, "Iya, da aka kawo naki kayan, mene ne da mene ne a ciki, kuma me kowanne ke nufi?" Ya rubuta yadda ta faɗa, da Hausa ko Zabarmanci ko Fillanci, da sunan garin da shekarar. Mutanen Filandas sun yi sakaci da fassarar nasu alamomin, shi ya sa yau malamai ke ta gardama a kan kyandir guda. Su ko banza allon ya saura musu. A nan kuwa allon shi ne tsohuwa, ranar da aka kai ta makwanci an rufe da littafin.

Fataken Gwanja ba su kan zubar da huhu don sun ga sankara a ciki ba. Su kan sauke kaya a zango, su kwance, su tsince ɓatattun ɗai-ɗai, su yayyafa wa sauran ruwa, su sake sabon ganye su ɗaure, da haka goro ya ke isa Kano da ɗanyensa. Haka ya kamata a yi wa kayan aure a ƙasar Bagudo tun sauran ba su kamu ba. Allah ya ba iyaye ikon sauƙaƙawa, ya ba 'ya'ya zaman lafiya, amin.